Budurwar Hawa na Biyar

'Yar Namhae, mai sayar da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, a bakin layin 'yan kifi, ita ce ta fara faɗa a kasuwarmu ta Masan cewa Ok Tae-bong ya yi budurwa. Kuma ba za a ga laifinta ba, don duk alamun da ake nema sun cika.

Mutumin da ya yi shekaru a zaune a bayan buhunan busasshen kifi kamar an ajiye shi an manta, wanda sai matarsa ta yi da gaske yake wanke fuska, sai ga shi kullum da safe yana wanke kai da sabulu. Ya daina shan giyar soju. Ya rame har an ƙara wa bel ɗinsa rami. Da hantsi sai ya sulale daga rumfa, ya nufi dogon benen da ke tsallaken titi, ya dawo da rana tsaka gashinsa a kwance ta gefen hagu, goshinsa ja. Kowa kuwa ya san abin da ke hawa na biyar na benen nan: gidan rawar tsofaffi, inda ake kunna fitilu masu launi ido na ganin ido, gwauraye da zawarawa, da waɗanda ba gwauraye ba kuma ba zawarawa ba, suna rungumar juna da sunan motsa jiki.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne benen yana da hawa na uku.

A hawa na uku wata likitar ƙwaƙwalwa take, Likita Seol, kuma wurinta Tae-bong yake zuwa. Ciwon damuwa ne ya kama shi, irin wanda ba ya jin magani. An ba shi ƙwayoyi kala-kala, wata ta sa shi barci, wata ta kumbura shi, wata ta busar masa da baki, amma baƙin da ke ransa ko gusawa bai yi ba. Ba kuka yake yi ba, da ma kukan ne. Zama kawai yake yi, in ka ce masa sannu sai ka ji amsar ta taso kamar daga ƙasan rijiya. Matarsa Bang Suk-hyang, wadda duk kasuwa ke kira Maman Da-on, ta daɗe da daina barci mai nauyi, ta kuma kwashe igiyoyin ɗaurin kaya daga gidan ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba.

Likita Seol ta ce a gwada haɗa abu biyu. Da safe ya sha wata ƙwaya mai farkar da ƙwaƙwalwa, irin wadda ake ba yaran da hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ta fara aiki sai ya zo ya zauna a kujera, a ɗora masa na'urar maganaɗisu a gefen goshi, ta yi ta ƙwanƙwasa wurin da ya yi sanyi a cikin kansa. Kullum, ban da Asabar da Lahadi, har wajen wata ɗaya da rabi. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce wasu likitoci sun lura cewa in aka haɗa biyun, waɗansu marasa lafiya sun fi samun sauƙi, amma har yanzu ana kan dubawa, kuma in aka yanke a tsakiya to an sha wahalar banza. Ta hana shi giya, ta ce ya riƙa zuwa da gashi a wanke ba mai, ta gargaɗe su cewa ƙwayar tana kashe son abinci.

Tae-bong ya yarda, amma da sharaɗi guda. Mahaifinsa ya mutu ana ce masa mahaukacin bakin teku, kuma shi Tae-bong bai manta da muryoyin yaran da ke bin tsohon suna waƙa ba.

"Ranar da mutum ɗaya ya san hawan da nake zuwa," ya ce wa matarsa, "ranar na daina. Ko da saura kwana guda."

Suk-hyang ta san ba wasa yake yi ba.

Ran nan 'Yar Namhae ta tsallako da ƙullin kimchi a leda, ta ajiye a kan sikeli, ta kama hannun Suk-hyang biyu.

"Maman Da-on, ki ci wannan. Kyauta ne."

"Ke da kyauta? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ki dai yi haƙuri, maza duk haka suke. Nawa ma, kafin ciwon ƙafa ya zaunar min da shi…"

"Me Baban Da-on ya yi?"

"Kar ki ce ni na gaya miki." Ta nuna benen da haɓa. "Hawa na biyar. Kullum. Ke ba ki ga yadda ya rame ba? Namiji ɗan shekara sittin ba ya barin soju haka kawai, ba ya wanke kai haka kawai. Wannan gashin kuma da ke kwanciya ta gefe guda, a kumatun wa kike tsammani yake jingina shi?"

Dariya ta taso wa Suk-hyang tun daga cibiya. Ta yi maza ta ɗaga rigar aikinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. 'Yar Namhae ta ɗauka kuka ne, ta rungume ta tana bubbuga mata baya. A cikin duhun rigar nan mai ƙarnin kifi wani tunani ya faɗo wa Suk-hyang: in duk idon kasuwa na kan hawa na biyar, ba mai kallon na uku.

Ta ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Na daɗe da sani, 'yar'uwa. Haƙuri kawai nake yi."

Da yamma, a kan ɗan teburin cin abinci, Suk-hyang ta zuba wa mijinta miya ta zauna.

"Baban Da-on, albishirinka. Ka yi budurwa."

Ya ɗago daga shinkafar da yake ta juyawa bai ci ba. "Wa?"

"Kai. Layin 'yan kifi duk ya sani, na 'yan tukwane ma ya fara ji."

Ta kwashe labarin ta gaya masa. Ya ajiye cokali.

"Kuma sun yarda?" ya ce.

"Har 'Yar Namhae ta ba ni kimchi kyauta."

"Ni? Da wannan fuskar?"

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ba murmushi ba ne, ɗan'uwan murmushi ne na nesa, amma Suk-hyang ta gani. Ta yi kamar ta manta wani abu a kan wuta, ta shiga kicin ta buɗe famfo don kar ya ji ta.

Daga ranar ta rungumi aikin matar da aka ci amanarta, kuma sai a ce don shi aka haife ta. Tana auna kifi tana ajiyar zuciya. Mai tofu, wato awarar waken soya, ya fara ƙara mata yanka guda. Mata suka riƙa zagayowa da kofi suna neman ƙarin bayani, ita kuma ba ta iya mayar da baƙo hannu wofi, sai ta fara ƙera budurwar a hankali. 'Yar garin Jinhae ce. Ta taɓa aure sau biyu. Tana shafa turare mai hawa kai, tana kuma kiran Tae-bong da wani suna da kunya ba za ta bar Suk-hyang ta maimaita ba.

Labaran suka riƙa zagayowa kunnen mai budurwar. Wata rana yana ɗaure bakin buhu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Me ya sa kika ce wa mai tofu tana da haƙorin zinare?"

"Tana da shi."

"Ba ta da shi. Ni ba zan bi mace mai haƙorin zinare ba."

"To wace iri za ka bi, ranka ya daɗe?"

Ya tsaya ya yi tunani da gaske, igiya a hannu. "Mai magana a hankali. Wadda ba ta cika gishiri a miya."

Suk-hyang ta ajiye ludayin awo. Shekara talatin yana shan miyarta bai taɓa cewa uffan ba. Ni dai na karanta labaran soyayya iya karantawa, ban taɓa cin karo da macen da ta ƙera wa mijinta budurwa da hannunta, ta dawo tana jin haushinta ba. Washegari kasuwa ta wayi gari da labarin cewa budurwar tana da warin baki. Amma a ranar ma, tana cikin fushin, zuciyarta rawa take yi, don mutumin da ke musu a kan haƙori da gishiri ya fara lura da duniya ke nan.

Ba wai ya warke ba. Akwai safiyar da sai ta ɗaga shi zaune kamar buhu, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu tana tsokanarsa, "Sha maganin 'yan firamare, ɗalibi, kar ka makara." Akwai ranar da zai dawo da ciwon kai ya ƙi magana da kowa. Amma yana zuwa, kuma zuwan ne ta riƙe da hannu bibbiyu.

Ana tsakiyar haka labari ya kai kunnen yayarsa, Ok Mal-sun. Ita ta raine shi bayan mutuwar mahaifinsu. Mijinta ya rasu, dattijiya ce a cocinsu, ba a taɓa ganinta ba tare da baƙar kwat da baƙar jaka ba, kuma ko fasto in ya hango ta sai ya gyara wuyan riga. Ta iso rumfar da la'asar, ta tsaya ƙerere. Layin ya yi tsit, har mai yanka kifi ya dakata da wuƙa a sama.

"Tae-bong."

"Yaya."

"Ina kake zuwa kullum da hantsi?"

Suk-hyang ta yi maza ta shiga tsakani. "Yaya, ki bar shi, ni na riga na haƙura…"

"Ba da ke nake ba, Maman Da-on." Ta ƙura wa wuyan rigarsa ido, wanda ya yi masa yawa. "Hawa na biyar, ko?"

"Haka aka ce," in ji Tae-bong.

"To. Gobe zan je in gani da idona."

Washegari da safe Suk-hyang ta same shi kwance ya juya fuska bango. Ƙwayar da kofin ruwa suna kan faranti yadda ta ajiye su.

"Tashi, Baban Da-on. Lokaci na tafiya."

"In Yaya ta hau na biyar ba ta gan ni ba, hawa-hawa za ta bi tana buɗe ƙofofi. Kin san Yaya. Ina yaro na gudu na shiga jirgin kamun kifi, sai da ta sa aka juyo da jirgin." Ya ja bargo. "An gama. Ki kira likita ki ce na gode."

Ta roƙe shi. Ta ce an yi rabi, ta ce don Da-on, ta ce don ita. Bai motsa ba. Ta zauna tana kallon bayansa, wannan bayan da ta yi shekaru tana kallo har ta san kowane ƙashi a cikinsa, tsoro ya cika mata baki kamar ruwan teku. Sai ta share ido, ta miƙe, ta fara ninke kaya kamar ba abin da ya dame ta.

"Shi ke nan, yi kwanciyarka. Ni abin da zan faɗa a kasuwa kawai nake tunani. Mutum ya daina zuwa rana ɗaya, ai kowa ya san ma'anarsa. Ta kore ka."

"Wa?"

"Budurwar. Za a ce ta samu wanda ya fi ka. Da ma mai tofu ya ce tun farko shi bai ga abin da ta gani a jikinka ba."

Bargon ya motsa. "Mai tofu ne ya faɗi haka?"

"A gaban kowa."

Tae-bong ya juyo gaba ɗaya. "Mai tofun da ba shi da wuya? Wanda kansa ke zaune a kan kafaɗa kamar kabewa a kan tebur?"

Kafin wutar ta mutu ta shimfiɗa masa dabararta. Za su shiga ta ƙofar baya, inda kantin magani ke fitar da kwalaye, su bi matakala zuwa na uku. In an gama sai su hau na biyar, ya samu lungu ya zauna, Yaya ta zo ta kama shi. Ita kuma za ta rantse ta ga matar ta gudu ta banɗaki.

"Za ta mare ka a gaban jama'a," ta ce.

"Mari ba komai ba ne."

Ya ɗauki ƙwayar ya haɗiye, ya tafi wanke kai.

A hawa na uku nas ta auna masa jini, ta sa masa farar hularsa mai zanen biro da ke nuna inda za a ɗora na'urar, ta ba shi abin toshe kunne. Suk-hyang ta zauna a gefe da jaka a cinya. Na'urar ta fara, tas-tas-tas-tas, kamar tsuntsu na saran itace, ta yi shiru, ta sake. Duk bugu sai girarsa ta hagu ta yi tsalle, kamar yana kashe wa wata ido. Tsoho ne ramamme cikin hular da ta yi kama da ta jarirai, ya damƙe hannun kujera, amma ita a idonta ba ta taɓa ganin jarumi kamarsa ba.

Da aka gama suka hau na biyar. Tun daga matakala kiɗa ke dukan ƙirji. Ciki duhu-duhu, fitilu ja da kore suna yawo a kan furfura, ƙamshin turare ya gauraye da na man zafi. Suka duba bakin ƙofa ko za su ga baƙar kwat, ba ta. Suka duba kujeru, ba ta.

A tsakiyar fili akwai wata mata cikin koriyar riga mai ƙyalli, tana juyi a hannun wani tsoho da ya rina gashi baƙi wuluk. Ƙafarta ba ta kuskure, in ya sake ta sai ta yi juyi biyu ta dawo ta faɗa hannunsa tana dariya. A juyi na gaba haske ya faɗa kan fuskarta.

"Baban Da-on," Suk-hyang ta ce a hankali, "riƙe ni."

Mai tsaron ƙofa ya ga inda suke kallo. "Kun san Uwargida Ok? Ai ita ba ta fashi. In ba ta zo ba wurin nan ba ya daɗi."

Mal-sun ta hango su. Ta tsaya cak, tsohon ya ci gaba da juyi shi kaɗai. Ta gyara rigarta, ta tako kamar mai zuwa karɓar baiko a coci, ta nuna musu wani tebur a lungu. Suka zauna su uku.

"Na tsaya a ƙofar bene har ƙafafuna suka sandare, ba ka zo ba," in ji Mal-sun. "Na ce tunda na riga na zo…"

"Fasto ya sani, Yaya?" in ji Tae-bong.

"Rufe min baki." Ta buɗe 'yar kwalbar yogot ta kurɓa. "Shekara huɗu ina zuwa nan, ko inuwarka ban taɓa gani ba. Tun ranar da na ji labarin na san ƙarya ne. Wace mace? Kai da ko tafi ba ka iya yi daidai da kiɗa." Ta ajiye kwalbar. "Benen nan rabinsa asibitoci ne. Ka rame, ka bar giya, matarka tana wasan kwaikwayo a kasuwa. Daji ne? In ciwon daji ne ka gaya min, Tae-bong. Ni na goya ka."

Suk-hyang ta buɗe baki za ta ƙera sabuwar ƙarya, ta haƙori ko ta basir, duk wadda ta fara zuwa. Tae-bong ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Hawa na uku, Yaya," ya ce. "Ba daji ba ne. Ciwon Baba ne."

Ya gaya mata da bakinsa, ƙwayar safe da na'urar da farar hula. Kiɗa ya canza zuwa mai sanyi, tsofaffi suka ƙara matse juna.

"Baba bai samu hawa na uku ba," in ji Mal-sun da ya gama. Ta ciro hankici daga hannun rigar ƙyallin ta fyace. "Yana aiki?"

"Ban sani ba tukuna. Amma yau da safe na ji haushin mai tofu. Na daɗe ban ji haushin kowa ba."

Suk-hyang ta kasa haƙuri. "Yanzu Yaya ta sani, Baban Da-on. To gobe fa?"

Ya dubi yayarsa, ya dubi koriyar rigar tun daga wuya har ƙasa, a tsanake. "Yaya ba za ta gaya wa kowa ba. Ni ma ban ga komai a hawa na biyar ba."

"Barazana kake yi min, ɗan banza?"

"Eh, Yaya."

Ta ɗirka masa jaka a kafaɗa, tana kuka tana dariya. Sannan ta share fuska ta koma dattijiyar coci. "Saura nawa a gama?"

"Wajen sati uku," in ji Suk-hyang.

"To zan ce na kama su. Zan ce na ba shi sati uku ya rabu da ita cikin mutunci, don marainiya ce."

"Ki ce ta tsufa, Yaya. Ki ce hoda ce kawai," in ji Suk-hyang.

"Ki ce tana da kyau," in ji Tae-bong.

"Zan faɗi abin da na ga dama." Ta miƙe ta karɓo baƙar kwat ɗinta a wurin mai tsaron ƙofa, ta rufe ƙyallin har wuya. "Kai kuma ta ƙofar gaba za ka fita. Matso. 'Yan kasuwar nan ba sa yarda da labarin da ba shaida."

Ya matso. Ta ɗauke shi da mari, na gaske, wanda ya sa ma'aurata biyu da ke kusa suka rasa taku. Sannan ta shafa kumatun da bayan hannu, sau ɗaya, ta yi gaba abinta.

A kan matakala Suk-hyang ta riƙo gefen rigarsa. "Ba ka ba ni amsa ba. Gobe?"

"Gobe mana. Ai budurwar tana jirana."

Ya fita ta ƙofar gaba da hannu a kunci. A tsallaken titi kawuna sun yi layi tun daga rumfar kimchi har ta tofu. Tae-bong ya jira fitila ta ba shi hannu, ya tsallaka a hankali, ƙirji a gaba, ya bi ta gaban mai tofu don ya ga shatin yatsun da kyau.